Daga gidan gem muka fito



Idan aka tambayi marubuci a ina ya koyi rubutu, amsar a bakinsa take: makarantar allo, firamare, da littattafan da ya riƙa ɗaukowa a ɗakin yayarsa yana karantawa a ɓoye. Amma ku tambaye shi a ina ya koyi kwamfutar da yake buga rubutun da ita, sai ku ga ya fara kame-kame. Mu dai da muka taso a Maruda da garuruwan da ke kewaye da Gwandu, irin su Kambaza da Dalijan, ba mu da abin ɓoyewa: a wurin gem muka koya. Darasin kwamfuta na makaranta a jikin allo muka yi shi. Malam ya zana akwati da alli ya ce wannan shi ne monita, ya zana wani mai wutsiya ya ce wannan shi ne maus, mu haddace, mu rubuta a jarrabawa, mu ci. Ba laifin malam ba ne, shi ma allon da allin kawai aka ba shi.

Abin da muka fara taɓawa da hannunmu PlayStation 2 ne. Kamfanin Sony ya fitar da shi tun 2000, amma sai da ya gama tsufa a hannun yaran Turai da na Legas kafin ya iso rumfunanmu, lokacin duniya ta koma na 3, har ana shirin na 4. Wannan bai dame mu ba ko kaɗan. Rumfar kwano, benci biyu, talabijin mai ƙeya, ƙaramin janareta a bayan zana yana ta ɓaɓatu, fad guda biyu, ɗaya an ɗaure wayarsa da leda. Ka ba da naira 20 ka buga wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi. Idan ba ka da kuɗi sai ka tsaya a baya kana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye ka, kuma a wannan sahun yawancinmu muka fi daɗewa.

Ƙwallon kamfanin Konami muke bugawa, wato PES. Da yake kamfanin bai sayi izinin amfani da sunayen kulob-kulob da yawa na Ingila ba, sai ka ga Manchester United an rubuta mata Man Red, Arsenal kuwa North London. A gasar Master League ma da 'yan wasan ƙirƙira ake farawa, irin su Castolo da Minanda, waɗanda har yau idan aka ambace su a cikinmu sai an yi dariya kamar an tuno tsofaffin abokan aji. Wannan rashin sunayen gaskiya shi ya tura mu wurin da ake gyara suna, a can muka gano cewa ai mutum zai iya ƙera ɗan wasa tun daga gashin kansa har takalminsa. Muka kafa kulob ɗin unguwa, kowa ya sa sunansa da lambar da yake so. Mai tsaron gidanmu, wanda a fili ko ƙwallon tsumma ba ya iya tarewa, muka ba shi 99 a komai. Kowa ma 99 ya ba kansa. Ba a yi kwana uku ba wasan ya zama lami, domin ba mai iya ƙwace ƙwallo a ƙafar wani, ba mai gajiya, ba mai ɓarar da dama. Da kanmu muka zauna muka rage wa juna lambobi, har da musu da fushi. Duk lokacin da muka buɗe sabon labari muka tarar da jarumi kyakkyawa, mai kuɗi, mahaddacin Alƙur'ani, likita kuma ɗan sarki, wanda bai taɓa yin kuskure ba, wannan kulob ɗin muke tunawa.

Daga baya laftof ta shigo gidajenmu. Ba sabuwa ba, ta hannu: HP ko Dell da wani ofishi a Turai ko Amurka ya gama mora, ta biyo jirgin ruwa zuwa Legas, ta bi ta Kano ko Birnin Kebbi, ta ƙare a hannun wani yayanmu da ke karatu. Idan ya zo hutu ya fita fira sai ta zama tamu. A nan muka haɗu da GTA San Andreas, gem ɗin 2004 da ya iso mana a filashi bayan shekara goma. Labarinsa na wani saurayi ne, Carl Johnson, da ya dawo garinsu bayan an kashe mahaifiyarsa, ya tarar gida ya watse, abokai kuma ba duka ne abokai ba. Turancin da suke yi a ciki ko malamin Turancinmu sai ya saurara sau biyu, don haka muka yi abin da masu fassarar finafinan Indiya ke yi: ɗaya yana riƙe da madannai, sauran muna sa wa mutanen magana da Hausa. Muka raɗa musu sunaye, muka ƙulla musu dangantakar da masu gem ɗin ba su san da ita ba, wannan kawun wancan ne, wancan bashi ake bin sa tun kakar bara. Ba za mu wanke gem ɗin ba, akwai kisa da ashar da abubuwan da ba za mu so ƙannenmu su gani ba. Amma a gabansa muka fara ƙirƙirar zance a bakin wani mutum nan take, da 'yan kallo masu cewa "kai, wannan ba zai faɗi haka ba." Editan farko da muka samu ke nan, kuma ba shi da tausayi.

Akwai ma littafin sirri. Kowa yana da bayan wani tsohon littafin lissafi inda ya rubuta lambobin satar hanya, irin HESOYAM mai cika jini da aljihu. Dole ka buga shi da sauri ba tare da ka kalli hannunka ba, domin 'yan sanda na bayanka. Da haka yatsunmu suka san inda H yake da inda Y yake, tun kafin mu ji cewa akwai makarantar koyon buga rubutu.

Sauran ilimin kuwa matsala ce ta koyar da shi. Gem ya ƙi buɗewa, ka koyi mene ne folda da inda fayil ke kwana. Ya riƙa tsaitsayawa, ka ji labarin ram, ka gane 2 da 4 ba ɗaya ba ne. Filashin aboki ya zo da bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun hanyoyi marasa amfani, ka koyi fito da abin da aka ɓoye. Ranar da komai ya tsaya ka koyi yi wa kwamfuta wanka gaba ɗaya, ka sake ɗora mata Windows kafin mai ita ya dawo. Lokacin da wasunmu suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, wasu kuma Jami'ar Tarayya da ke hanyar Kalgo, a ranar farko ta aikin hannu ake gane ɗan gidan gem: ba ya tsoron danna abu. Wanda ya haddace ma'anar kwamfuta kalma bayan kalma kuwa yana riƙe da maus kamar an ba shi ƙwan da ya tsage.

Sai dai a nan yankin ba za a yi maganar kwamfuta ba a yi ta wuta ba, kuma a nan ne gem da rubutu suka zama kishiyoyi. Babban layin da ya taso daga Kainji ya zo Birnin Kebbi, har ya ƙetara zuwa Yamai, amma a ƙauye ganin waya a sama ba ya nufin ƙwai zai kama. Don haka mu da batir muke rayuwa, kuma batir lissafi ne. Irin laftof ɗinmu, tana sabuwa, batirinta na ɗaukar kimanin wat-awa 45 zuwa 50. Idan rubutu kake yi, ka rage hasken fuska, ka kashe intanet, abin da take ci bai wuce wat 10 ba, ka samu kusan awa biyar. Ka buɗe gem, fanka ta tashi, ci ya ninka sau uku, awa ɗaya da rabi ta mutu. To tamu ba sabuwa ba ce, batirin ya riga ya zubar da rabin ƙarfinsa tun kafin ya ga Najeriya. Abin da ke hannunka bayan ka biya mai caji shi ne ko dai awa biyu da rabi na rubutu, ko minti 45 na ƙwallo. Babi guda ko wasa uku. Yaron da ke London ba ya wannan zaɓen, mu kullum sai mun yi shi, kuma kowa ya san wanda ya fi daɗin kira idan an gaji da dare.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 lissafin ya ƙara tsanani. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Rumfunan gem da muka sani wasu sun rufe, wasu sun koma caji da POS, masu ƙarfin hali sun sa sola. A farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Gem ɗin yanzu, irin su eFootball da Call of Duty na waya, ba sa zama lafiya sai da intanet, kuma kowane sabuntawa sai ya lashe data mai yawa. Ku kwatanta: San Andreas kaɗai ya kusa gigabait 4, alhali littafi mai kalma 100,000, idan rubutu ne zalla, bai kai megabait 1 ba. Hoton biki guda ɗaya ya fi shi nauyi. A duk abin da kwamfuta ke iya yi, babu mai arha kamar sana'armu.

Ga zafi kuma. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, wanda ya ɗora laftof a kan katifa ya toshe mata hanci, kuma zafi shi ne babban makashin batir. Mu a kan faranti muke ɗora ta, ko a sa mata katako biyu a ƙasa iska ta wuce. Bayan hunturu a kwance bayanta a share ƙurar da ta cika fanka da tsohon buroshin haƙori. Wanda ya samu hali ya cire tsohon rumbun ajiya mai juyawa ya sa SSD, zai rantse an canza masa kwamfuta. Yanzu da Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma yawancin tsofaffin injinanmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wasunmu sun koma Linux Mint, kyauta ne, ga LibreOffice a ciki na rubutu. Abin dariya, Linux sa'ar jiharmu ce: ɗalibin nan na Finland, Linus Torvalds, ya sanar da aikinsa ranar 25 ga Agusta 1991, aka ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27. Shi ma a lokacin abin sha'awa kawai ya ɗauke shi, yana ɗan shekara 21.

Iyayenmu ba su taɓa yarda da wannan sha'awar ba. Inna takan leƙo ta ce, "Ku yaran ga, wanga akwati shi ka ba ku tuwo?" Kawu kuwa da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake buga mana misali, ya ce ga mutum kwance nan Gwandu, da tawada da alƙalamin kara ya rubuta tafsiri sukutum, ku da injin a gabanku me kuka rubuta? Tambayar tana da nauyi kuma ba mu raina ta ba. Mun ga wanda la'asar ta wuce shi yana neman ramuwa, mun ga wanda kuɗin cefane ya ƙare a rumfa. Mafi muni, mun ga yadda wasu suka zame daga gem zuwa caca, domin ƙwallon kwamfuta da ake sa wa kuɗi a shagunan caca kamarsu ɗaya da wanda muka saba, sai dai a can ba hannunka ke bugawa ba, kai dai naka biya. Wannan ba wasa ba ne, kuma duk mai son gem ya kamata ya fi kowa ƙyamarsa. Amma shi wasan kansa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kawun da ke mana faɗa, da yamma yana gindin bishiya gaban dara: gidaje 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa wancan da kara, ka jera uku ka cire na abokin karawa ɗaya. Akwai doka, akwai dabara, akwai 'yan kallo masu surutu a baya. Har karin magana dara ta bar wa harshen nan. Namu wasan bai bar ko ɗaya a rubuce ba tukuna, kuma wannan aikin marubuta ne.

Ga wani abu da ya kamata mu maza mu kalla da idon basira. 'Yan uwanmu mata ba su shiga rumfar gem ba, ba a ma bar su sun leƙa ba, laftof ɗin yaya kuwa sai dai su goge mata ƙura. Amma su ne suka cika WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks da littattafai, da babban yatsa, a kan wayar da fuskarta ta tsage, tsakanin girki da wanke-wanke. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take nuna yawansu. Injin mai madannai cikakku yana hannunmu, littattafan suna hannunsu. Saboda haka ne ma duniyar da muka taso a cikinta ba ta cikin adabin: waɗanda suka san ta ba su rubuta ba, masu rubutun kuma an hana su ganin ta. Za ka karanta labari ashirin a kan gidan attajiri a Abuja kafin ka samu ɗaya da ya san warin hayaƙin janareta a rumfar kwano, ko yaron da ke tallan ƙosai ya ajiye tire a ƙofa ya shiga da cinikin uwarsa, ko mai rumfar da ya sayar da talabijin ɗinsa bayan tashin mai. Ga kishi, ga bashi, ga cin amana, ga sarauta ta wanda ba a taɓa ci ba har ranar da wani baƙon yaro daga Jega ya zo ya tashe shi a gaban kowa.

Ko a harkar buga rubutun ma ɗan gem yana da amfani a ƙungiya. Duk wanda ya taɓa karɓar tsohon fayil na Hausa ya san ciwon: ka buɗe ka ga qasa a maimakon ƙasa, xaya a maimakon ɗaya, ko wasu alamomin baka sun tsaya a inda ƙ da ɗ suke. Asalin abin shi ne tsofaffin fon na Hausa, irin Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar tun shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba. Dabara ce mai kyau a zamaninta: a ari gurbin wani harafi a zana namu a kai. Amma da zarar fayil ya je injin da ba shi da fon ɗin, sai aron ya tonu. Yau ɓ da ɗ da ƙ suna da gurbinsu na kansu a tsarin Unicode. A waya ka ƙara Hausa a Gboard, a Windows ka shiga wurin harsuna ka ƙara madannan Hausa, shi ke nan, duk inda rubutun ya je da ƙugiyarsa zai je. Tsohon fayil kuma da umarnin nema da musanyawa ake gyara shi cikin minti biyar. Ku dai lura da mai gyaran kalma na waya idan kuna sa wa mutanen labarinku harshen gida, domin bai san wanga da mi da shina ba, zai yi ta ja muku su zuwa wani abu dabam. Kuma ku ajiye kwafi a wuri uku, a injin, a filashi, a imel. Ɗan gem ya san zafin memori kad da ya mutu da kakar wasa goma a ciki, waɗanda suka dogara da OkadaBooks kaɗai kuwa sun ga yadda ta rufe a ƙarshen 2023.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu kwanan nan shi ne inda sha'awar biyu suka haɗu. Gem ma rubuta shi ake yi. A Kamaru wasu matasa ƙarƙashin Olivier Madiba sun kafa Kiro'o Games, suka fitar da Aurion a 2016, da labari da sutura da suka samo daga al'adun Afirka, kuma su ma da ɗaukewar wuta suka yi ta fama har suka gama. Mu da muke da Kanta da ganuwar Surame a bayan gida ba labari muka rasa ba. Ba ma sai an jira mai zane da mai kiɗa ba. Akwai manhaja kyauta mai suna Twine, wadda Chris Klimas ya fitar a 2009, ta rubuta labari mai rassa: ka rubuta sakin layi, ka ba mai karatu zaɓi biyu ko uku, kowane zaɓi ya kai shi wani sakin layin. Ba ta buƙatar ka iya harshen kwamfuta, tana karɓar haruffanmu masu ƙugiya, ba ta cin batir fiye da rubutu, kuma abin da take fitarwa fayil ɗaya ne ƙarami da za a tura ta WhatsApp ko Xender, ya buɗe a waya ko babu data.

Mu uku muke gwada ɗaya yanzu. Yaro ne aka aika daga Maruda zuwa kasuwar Jega da kuɗin buhun albasa, a tasha ya haɗu da abokin da ke bin sa bashi, ga kuma rumfar gem a tsallaken titi. Mun ɗauka aikin mako biyu ne. Abin da muka tarar shi ne kowane zaɓi sai ya zama mai tsada, in ba haka ba mai karatu ya gane wanda marubuci ke so ya danna, daga nan kuma ya daina wasa ya koma sauraron wa'azi. Idan yaron ya biya bashin, me zai faɗa wa babansa? Idan ya hana, da wane ido zai sake shiga unguwa? Reshen da ya wuce kai tsaye ya kai kuɗin gida lafiya shi ya fi ba mu wahala, domin sau huɗu muna rubuta shi yana fitowa lami kamar kulob ɗin 99. Yanzu muna sakin layi na 41, ƙarshe biyu sun tsaya da ƙafarsu, na ukun muna jiran ƙanwar ɗayanmu ta karanta, don ita ce ta ce uwar yaron ba za ta yi shiru haka ba.